Kunnen Giwa Yana Sama

Ni ce shugabar sito, kuma ni ce ta ƙarshe da ta ji cewa ruwa ya lalata kayan mutane a cikin siton. Direbobi sun sani. 'Yan ofishin kuɗi sun sani. Mai sayar mana da shayi a bakin layi, wanda ko Hausa ba ya ji, ya sani. Matar da ke da kayan tana zaune a shagonta a Kano ta sani, ita ce ma ta bugo wa Alhaji mai kamfaninmu waya tana kuka. Ni da makulli ke rataye a wuyana, sai a bakin Alhaji na ji, a gaban yaran da nake ba umarni. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba.

Kamfanin kago ne a unguwar Naif ta birnin Dubai, a shekarar da ta gabaci korona. 'Yan kasuwa su sayi abaya da takalma da jakunkuna, su kawo mana, mu auna, mu ɗaure, mu tura Najeriya ta jirgi ko ta kwantena. Ana tsakiyar zafi, esin da ke sanyaya lungun baya ya fara ɗiga, ruwan yana bin bango yana shiga ƙarƙashin dilolin abaya da wata Hajiya ta saya don kasuwar Sallah. Da aka kwance su, fumfuna ta yi musu fari fat, ga wari kamar an buɗe tsohuwar rijiya.

Alhaji, mai kamfanin, ya tsaya a kan kayan ya ce, "Hajiya Asabe, wa ke kula da lungun nan?"

Na ce, "Rabi."

"Ta gaya miki?"

"Ba ta gaya mini ba."

Ban yi ƙarya ba. Rabi tana tsaye a gefe, yarinya 'yar Gumel mai sanyin murya, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Alhaji ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Gobe a kai fasfonta a soke biza." A Dubai in aiki ya tafi, zama ma ya tafi. Kuma na san ƙannenta da albashinta suke karatu. Duk da haka na juya na koma teburina, ina jin an yi daidai.

Da magariba na koma gidan hayarmu a Al Nahda, inda nake zaune da Binta, 'yar ofishin kuɗinmu. Na ɗora miya ina ta faɗa ni kaɗai, ina cewa yaran yanzu ga digiri ga waya amma ba baki. Binta ta jingina da ƙofar kicin tana kallona.

Ta ce, "Anti, zan yi magana, amma ki ajiye ludayin nan tukuna."

"Faɗi, ba dukanki zan yi ba."

"Ai ba a sani ba. Anti, yarinyar nan ta zo wurinki. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta gilashi nake hango ta. Ta zo ta durƙusa, ta ce ina kwana, ta ce an tashi lafiya, ta ce ya gajiya. Ke kina danna waya, ki ce, 'Lafiya?' Ta ce, 'Lafiya lau.' Ki ce, 'To in lafiya, yalla, koma bakin aiki.' Ta tashi ta tafi."

Na ce, "To ai ita ta ce lafiya lau!"

Binta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Anti. Ke da kika girme ni a Hausanci? Wa kika taɓa ji an ce masa lafiya, ya ce a'a?"

Na ce me ya hana ta rubuta a guruf ɗin ma'aikata. Binta ta tuna mini ni na sa aka kulle shi, ba mai iya rubutu sai ni da Alhaji, don na gaji da saƙonnin barka da Juma'a. Na ce me ya hana ta janye kayan. Ta tuna mini dokata, ba mai motsa dila ko kiran mai gyara sai da izinina. Bokiti yarinyar ta samo ta tara, ta roƙi wani direba ko ya san mai gyaran esi a ɓoye. Daga bakin direban maganar ta shiga ofishin kuɗi, ta fita wurin mai shayi, ta hau wayar wani dillali, ta sauka Kano.

"Ke kuma da kika ji, me ya hana ki gaya mini? Gida ɗaya muke kwana."

Ta ɗaga hannu biyu. "Ranar da na ce miki ma'auninku yana ƙari, me kika ce? Kika ce in tsaya a kan kujerata, sito ba sashena ba ne. Na tsaya."

Ta fita ta bar ni da tukunya. Na rage wutar gas, na tsaya ina kallon shuɗin harshenta, wutar da ba ta da hayaƙi ba ta da ƙamshi. Sai wata wutar ta dawo mini, wadda na fi shekara arba'in ban zauna a gabanta ba.

A ƙauyenmu, can wajen Bichi, a hannun kakata na tashi. Iya muke ce mata. Lokacin kaka, in an yi sallar isha'i an suɗe kwanon tuwo, ba ta barin murhu ya mutu. Sai ta tura karan dawa, ta binne mana dankali a toka, ta jawo 'yar kujerarta ta tsakar gida wadda ƙafa ɗaya ta gutsure aka tokare da dutse. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, zani ɗaya mutum uku, muna ture juna don kowa na son gefen da hayaƙi ba ya bi. Bayanmu rumbuna ne cike da sabon gero, akuyoyi na tuƙa a turke, wani lokaci a ji jaki ya yi kuka daga gidan Sarkin Noma a fashe da dariya a ce ya gaishe da wane.

Iya ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta buga guntun kara a ƙasa ta ce, "Wata ta taso daga daji tana neman masauki." Mu ce, "Ga kunnuwanmu, ta shigo." Ta ce, "Na wane da datti, ba za ta kwana a ciki ba." Sai wanda aka ambata ya yi ta soka yatsa a kunne muna dariya.

Kunnenta na hagu ya mutu tun ban san ta ba. Saboda haka in yaro zai yi mata magana, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta jawo shi jikinta, ta sunkuyo ta juyo masa da na dama. Mun ɗauka lalura ce kawai. Har kwaikwayonta muke yi a bayan ɗaki.

Tatsuniyar da ta dawo mini a kicin ɗin nan ta Giwa ce. Iya ta ce wata shekara dabbobin daji suka gaji da yunwar bazara, suka yi shawara kowa ya kawo abin da ya samu a zuba a rumbu ɗaya. Suka naɗa Giwa ta tsare. "Kuma ku ji da kyau," in ji Iya, "Giwa ba ɓarauniya ba ce. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ci ba. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. In ta ba da umarni, har kada da ke ƙarƙashin ruwa sai ya ji."

A gindin rumbun akwai ramin Bushiya. Wata safiya Bushiya ta ga gara ta fara gini ta ƙasa, tana hawa ciki. Ta kama hanya tiɓis-tiɓis har gaban Giwa. Nan Iya za ta ƙanƙance murya kamar ta sauro: "Ranki ya daɗe, barka da hantsi." Sai ta kumbura kumatu ta yi ta Giwa: "Wane ne ke ƙus-ƙus a ƙasa? Ku 'yan ƙasa-ƙasan nan ba ku da aiki sai surutu!" Giwa ta ɗaga ƙafa za ta wuce, Bushiya ta ga inuwar ƙafar ta rufe ta, ta dunƙule ta koma ƙwallo. Washegari ta sake zuwa. Haka aka yi. Jibi ma haka.

Da ta gaji, ta gaya wa Zomo. Zomo ya gaya wa Gafiya, Gafiya ta gaya wa Kurciya, kuma abin da Kurciya ta ji, daji ya ji. Aka je wurin Raƙumin Dawa aka ce kai ne mai tsawon da bakinka zai kai kunnenta, ka taimaka. Ya ce shi gadin sama aka ba shi, ya hango gobara da mafarauta, abin da ke gindin rumbu ba huruminsa ba ne. Kowa a dajin ya sani. In Giwa ta zo wucewa a yi tsit a gaishe ta, in ta wuce a ci gaba.

Bazara ta zo, ciki ya fara kuka. Aka taru, Giwa ta buɗe rumbu ta zura hancinta. Iya za ta zura hannu cikin toka mai sanyi a gefen murhu, ta damƙo, ta saki a hankali muna kallo tana zuba. "Ƙasa. Ba gero ba dawa, jar ƙasa." Giwa ta yi ƙara har ganye ya zubo daga bishiya: "Duk yawanku, me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Can sai Kunkuru, wanda ya tsufa har ya daina tsoron mutuwa, ya leƙo da kai ya ce, "An gaya miki, ranki ya daɗe. Ƙafarki aka gaya wa."

Iya ta kakkaɓe hannu ta ce, "Na sauke ta a nan. Mai so ya ɗauka ya kai gida."

Ni ban bari ta rufe baki ba. Tun ina ƙarama ba na iya haɗiye magana. Na miƙe tsaye, zani na zamewa, na ce, "Laifin Bushiya ne! Ba ƙaya ce a jikinta ba? Da ni ce, da na soke ta a ƙafa, in ta yi ihu ta duƙo in faɗa mata!"

Iya ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce, "Ke kam da kin soke ta, uwar faɗa. Ba na jin tsoron ranar da za ki zama Bushiya. Ranar da za ki zama Giwa nake tsoro."

Wuri ya kaure, don a lokacin ni siririya ce kamar tsinken tsintsiya. Yayana ya ce, "Wannan ce giwa? Ai ko iska aka yi sai an ɗaure ta a turke." Na kai masa duka, Iya ta raba mu, ta tono dankali ta ba ni mafi girma don in yi shiru. Sunan ya bi ni har na yi aure, Asabe Giwa.

Na ɗauki tatsuniyar na kai gida kamar yadda ta ce, amma rabinta na ɗauka. Abin da na ji shi ne, kada ki zama mai dunƙulewa. Kuma ya yi mini rana, ba zan ce bai yi ba. Ban shiga aji ba sai da na haura talatin, bayan mijina ya rasu ya bar ni da yara da kaskon awara. Na zauna a ajin yaƙi da jahilci a Fagge, 'yata ta fari tana kama mini hannu da dare ina koyon rubuta sunana. Masu dariya sun yi, na ba su amsa a fuska. Da bakin nan na ƙwaci takardar sakandare, da shi na yi difloma ta yamma a harkar kasuwanci, da shi na riƙe wa Alhaji 'yan dako a Kano har ya ga zan iya ya kawo ni Dubai.

Abin da ya fi ba ni kunya, a diflomar nan an koya mana wannan abin. Malamin ya zana kibiyoyi a allo. Ya ce a kowace ma'aikata akwai maganar da ke sauka daga shugaba zuwa na ƙasa, akwai wadda ke hawa daga na ƙasa zuwa shugaba, akwai wadda ke tafiya a kwance tsakanin sashe da sashe. Sai ya yi wani layi mai karkace-karkace ya ce wannan raɗe-raɗi ne, ba wanda ya shimfiɗa masa hanya, kuma in aka toshe sauran shi ke cika ya yi ambaliya. Na haddace. Na fi kowa maki a jarrabawar, har na ɗaga takardar ina nuna wa yaran da na haifi sa'anninsu. Ban ga Kurciya a cikin layin nan ba. Ban ga Raƙumin Dawa ba. Na zo Dubai na riƙe kibiya ɗaya, mai sauka, na kakkarya sauran da hannuna.

Har kujera na ɗauke. Da na karɓi siton akwai wata farar kujerar roba a gaban teburina. Na ga mutane na zama suna jan gaisuwa, na ce nan ba zauren mai unguwa ba ne, Dubai ce, lokaci ake saya. Na sa aka jefa ta bayan kwalaye. Mai magana ya yi ta a tsaye, ya taƙaita. Ina alfahari da wannan, ina cewa ni ba na son kwana-kwana.

Alhali na san yadda mutanenmu ke kawo mummunan labari. Na fi kowa sani. Ranar da mijina ya yi haɗari a hanyar Zariya, ƙaninsa ne ya zo. Ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma. Na ce lafiya, ya ce lafiya lau. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na kawo ruwa ya sha. Ya ajiye kofin yana kallon ƙasa, bai tashi ba. Rashin tashin nan ne ya gaya mini, tun kafin ya buɗe baki. Da ya faɗo mini da ita daga bakin ƙofa, ban san me zai same ni ba. Na gode masa har yau.

Iya ma haka take karɓar baƙo. Ta bar shi ya yi ta gaisuwa har ta ƙare masa, ba ta katse shi. Sa'an nan ta juyo masa da kunnen dama ta ce, "To, yanzu gaya mini." Na taɓa tambayarta me ya sa take ɓata lokaci. Ta ce, "Wanda ya ɗauko abu mai nauyi ba ya jefar da shi, sai ya sami inda zai sauke."

Rabi a irin gidanmu ta tashi. An koya mata ba a tarar babba da mugun labari a tsaye, ba a ce masa ba lafiya ba. Ta ɗauko kayanta ta zo tana neman inda za ta sauke, ta tarar na ɗauke kujera. Ta durƙusa a kan siminti, ta fara daga inda aka koya mata a fara, ni kuma na riƙa yanke ta a daidai wurin da maganar za ta fito. Kuma na tsaya gaban Alhaji na ce ba ta gaya mini ba, ina jin kaina mai gaskiya.

Miyar ta kama a ranar. Binta ta leƙo ta ce, "Anti, ƙauri nake ji." Na ce na sani. Ta dube ni, ta ga fuskata, ta ɗauko wata tukunyar ta juye abin da ya tsira.

Da asuba na hau motar farko zuwa Naif. Shaguna ba su buɗe ba, sai masu tura kura suna kwance a kan kurayensu. Alhaji yana riga kowa zuwa, na san zan same shi shi kaɗai. Na yi sallama. Yana danna waya, fasfon Rabi yana kan tebur a gabansa, yana jiran mai kai takardu.

Ban tsaya a tsaye ba yadda na saba. Na jawo kujera na zauna. Na ce, "Alhaji, ina kwana. An tashi lafiya? Ya iyali? Ya jikin Hajiya Babba?"

Ya ɗago ya dube ni kamar an sauya masa ni a hanya. Tun da ya san ni ban taɓa wuce "ina kwana" ba. Ya ce, "Hajiya Asabe, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ban tashi ba. Shi ma a gidan Hausa ya tashi. Ya kife wayar a kan tebur, ya gyara zama ya ce, "To, ina jin ki."

Na gaya masa duka, zuwan Rabi, da guruf ɗin da na kulle, da dokar dila, da kujera. Na ce in akwai bizar da za a soke a kan abayar nan, ba ta cikin fasfon da ke gabansa ba ce. Ya ce maganata da shi ba ta ƙare ba, za mu zauna. Sa'an nan ya tura mini fasfon da yatsa ɗaya ya ce, "Ke za ki mayar mata."

Na sauka sito. Na ture kwalaye har na tono farar kujerar, ta yi baƙi da datti. Na goge ta da bakin mayafina, na ajiye ta a gaban teburina. Da Rabi ta shigo, idonta a kumbure, ta nufi ƙasa za ta durƙusa. Na nuna mata kujerar. Na kashe wayata na sa a aljihun tebur, na juyo mata da kunnena na ce, "Zauna, 'yata. Fara daga gaisuwar."